Matsin Iska a Tukunyar Nutso

Matsin iska a tukunyar nutso shi ne ƙarfin da iskar da aka danna cikin tukunyar ƙarfe ko ta alminiyam take yi wa bangonta. Wannan tukunya, wadda wasu ke kira silinda, ita ce mai nutso yake goyawa a baya domin ya yi numfashi a ƙarƙashin ruwa ba tare da igiyar iska daga sama ba. Ana auna matsin da bar a Turai da Afirka da yawancin ƙasashe, a Amurka kuma da psi. Tukwanen da ake amfani da su a yau ana cika su tsakanin bar 200 zuwa bar 300, wato daga wajen psi 3,000 zuwa psi 4,350.

Babu lamba guda da ta dace da kowace tukunya. Kowacce tana da iyakar da maƙeranta suka buga a kafaɗarta, ana kiranta matsin aiki, kuma an ƙayyade ta ne a kan wani mizanin zafi na musamman. Saboda haka lambar da geji ya nuna a wurin cikawa ba lalle ta zama ita zai nuna a bakin ruwa ba. A ƙasa mai zafi kamar kudancin Jihar Kano, inda madatsun ruwan Tiga da Bagauda suke, wannan bambanci yana iya kai bar 20 ko fiye, ko da tukunyar ba ta yoyo ko kaɗan.

Girman matsin

Iskar da ke kewaye da mutum a bakin teku tana da matsin bar ɗaya da ɗan ɗoriya, 1.013. Bar ɗaya daidai yake da psi 14.5. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 zuwa 2.5, injin mai faci na bakin titi yana tsayawa a wajen bar 8 zuwa 10, tukunyar gas ɗin girki kuwa ba ta cika wuce bar 15 ba ko da rana ta buɗe. Tukunyar nutso ta ninka tayar mota kusan sau ɗari. A bar 200, kowane santimita ɗaya mai murabba'i na cikin bangon, wurin da bai fi girman farcen yatsa ba, yana ɗauke da nauyin da ya haura kilo 200, kwatankwacin buhun siminti huɗu.

Yawan iskar da ke ciki ana samunsa ne idan aka ninka faɗin cikin tukunya sau matsinta. Tukunya mai lita 12 a bar 200 tana riƙe da kimanin lita 2,400 na iska irin ta sarari, kuma iskar kaɗai tana da nauyin kusan kilo 3. Idan irin wannan tukunya ta tarwatse, ƙarfin da za ta saki lokaci guda ya yi kusa da na mota mai nauyin tan ɗaya tana gudun kilomita 110 a awa. Shi ya sa mafi yawan ƙa'idojin wannan fanni suka taru a kan lokacin cikawa, domin a nan ne tukunyar da ta lalace ta fi fashewa, kuma mai cikawa ne ke tsaye kusa da ita.

Mutane da yawa suna ce mata tukunyar oksijin, wannan kuwa kuskure ne mai hatsari. Abin da ke ciki iska ce ta yau da kullum da aka tace aka busar, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin. Oksijin zalla, irin na asibiti ko na masu walda, yakan zama guba ga ƙwaƙwalwa idan an shaƙe shi a zurfin da ya wuce mita 6, ya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, mai nutso ya saki abin numfashi daga bakinsa. Akwai gaurayen da ake ƙara wa oksijin zuwa kashi 32 ko 36, ana kiransa naitiroks, amma yana da nasa horon da nasa iyakar zurfin.

Tarihi

A shekarun 1860 Faransawa biyu, Benoît Rouquayrol da Auguste Denayrouze, sun ƙera na'ura mai ɗan rumbun iska a baya. Ƙarfen wancan zamani bai jure matsi mai yawa ba, don haka mai nutso ya dogara ne da bututun da ke kawo iska daga famfo a sama. A 1926 Yves Le Prieur, hafsan sojan ruwan Faransa, ya nuna na'ura mai tukunyar lita 3 a bar 150, amma iskar tana kwarara ne babu tsayawa, nan da nan ta ƙare. Gyaran da ya canza al'amarin ya zo a 1943, lokacin da Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka haɗa na'urar rage matsi wadda ba ta sakin iska sai an ja numfashi. Kalmar sukuba gajeren rubutu ce ta wata jimlar Turanci mai ma'anar na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa mai cin gashin kanta, kuma ana danganta ta ga likitan Amurka Christian Lambertsen a 1952.

Har yanzu tsarin bai sauya ba. Na'urar rage matsi, wato regileta, tana da hawa biyu. Na farko yana maƙale a bawul ɗin tukunya, yana sauko da matsin zuwa wajen bar 9 ko 10 sama da na ruwan da ke kewaye. Na biyu, wanda ake riƙewa a baki, yana daidaita shi da matsin ruwan daidai wa daida.

Abin da aka buga a kafaɗar tukunya

Rubutun da ke kafaɗa ba fenti ba ne, bugu ne a jikin ƙarfen. Yana nuna ƙa'idar da aka bi wajen ƙira, lambar tukunya, wata da shekarar ƙira, matsin aiki, da ranar kowane gwaji da aka yi mata. A tukwanen Turai ana ganin haruffan PW ko WP kafin matsin aiki, PH ko TP kafin matsin gwaji, sannan faɗin ciki da lita. A na Amurka ana ganin rubutu irin DOT-3AL 3000, ma'ana tukunyar alminiyam ce mai psi 3,000. Rikita lambar gwaji da ta aiki kuskure ne da ke faruwa, domin tukunya mai bar 232 tana ɗauke da 348 a kusa da ita, kuma wannan ta biyun ba ta cikawa ba ce.

Tukunyar da ta fi yawa a wuraren hayar kayan nutso a duniya ita ce ta alminiyam da ake kira AL80. Matsin aikinta bar 207 ne, ko psi 3,000, faɗin cikinta lita 11.1, tana riƙe kimanin lita 2,200. Sunan yana nufin kubik fit 80, amma a zahiri 77.4 take ɗauka. Tukwanen baƙin ƙarfe na Turai sun fi zuwa da lita 10, 12 ko 15, a bar 200 ko 232. A Amurka akwai na ƙarfe masu ƙaramin matsi, psi 2,400, waɗanda idan an buga musu alamar + bayan ranar gwaji ake iya ƙara musu kashi 10 cikin ɗari su kai psi 2,640. Akwai kuma masu babban matsi na psi 3,442, wato bar 237.

Tukunyar bar 300 ba ta ba da abin da lissafi mai sauƙi ke nunawa. Idan matsi ya wuce bar 200 iska takan fara ƙin matsuwa, ƙwayoyinta sun cunkushe, saboda haka lita 12 a bar 300 ba ta kai lita 3,600 ba, wajen 3,300 ce. Ga ta da nauyi, ga wahalar samun injin da zai cika ta. Wanda ya saye ta alhali injin da ke kusa da shi a bar 225 yake tsayawa, nauyin banza ya saya.

Bakin bawul iri biyu ne. Akwai mai maƙalawa da ake ɗaurewa da noti daga baya, wanda iyakarsa bar 232. Akwai na DIN da ake murɗawa ciki, mai haƙora biyar na bar 232, mai haƙora bakwai na bar 300. An yi wannan bambanci da gangan domin kada regileta ta bar 232 ta zauna a bawul ɗin tukunyar bar 300. Haƙoran wuyan tukunya ma sun bambanta: na Turai M25x2 ne, na Amurka inci uku bisa huɗu. Bawul ɗin wani yana iya shiga wuyan wani ya yi kamar ya zauna, sai matsi ya hau ya fizge shi kamar harsashi. An rasa rayuka ta wannan hanya, kuma hatsarin ya fi kusa a kasuwar kayan gwanjo, inda tukunya da bawul kan zo daga ƙasashe dabam-dabam.

Zafi da sanyi

Idan iska tana rufe a wurin da ba ya faɗaɗa, matsinta yana hawa da sauka tare da zafinta. Guillaume Amontons ne ya fara lura da haka a wajen shekarar 1700. Wajen lissafi ana ƙara 273 a kan digirin Salshiyas, sannan a kwatanta. A tukunya mai bar 200, kowane digiri ɗaya yana motsa allurar geji da kusan bar 0.7. Ƙa'idar Turai ta ɗora matsin aiki a kan digiri 15, ta Amurka a kan digiri 21.

Cikawa ita kanta tana kawo zafi. Iskar da ake dannawa tana ɗumama, kamar yadda famfon keke yake ɗumama a hannu, kuma idan an yi sauri tukunya takan yi zafin da hannu zai ji sosai. A ce an tsayar da cikawa a bar 200 tukunyar tana digiri 45, sannan aka shiga da ita ruwa mai digiri 25. Geji zai sauka zuwa wajen bar 188. Mai nutso da bai san wannan ba zai ɗauka an tauye masa mudu ko tukunyar tana yoyo, alhali zafi ne kawai ya fita. Raguwar bar 10 zuwa 20 bayan sanyaya abu ne da aka saba gani. Maganinsa shi ne a cika a hankali, bar 20 zuwa 40 a minti, a bar tukunyar ta huce na awa ɗaya ko biyu, sannan a ƙarasa mata. Tsoma tukunya a bahon ruwa yayin cikawa tsohuwar al'ada ce da amfaninta bai taka kara ya karya ba, kuma tana iya sa ɗigon ruwa ya shiga bakin bawul a tura shi ciki.

A ƙasar Kano yanayi yana ƙara wa lissafin nauyi. A watan Afrilu zafin rana yana kai digiri 40 a inuwa. Tukunya mai bar 232 da aka cika har allura ta tsaya a 232 a irin wannan rana, iskar da ke cikinta daidai take da ta bar 214 a digiri 15, wato ta gaza da kusan kashi 8 cikin ɗari. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa sun yarda geji ya ɗan haura lambar da aka buga idan zafi ne ya jawo, muddin zai dawo daidai a digiri 15, amma masu cikawa da yawa ba sa wuce lambar ko da wane hali, musamman da tsohuwar tukunya, kuma da wuya a ga laifinsu.

Da hunturu abin yana juyawa. A Disamba da Janairu sanyin asuba yana sauka ƙasa da digiri 15. Tukunyar da aka cika bar 232 da safe, aka kulle a mota a rana har cikin motar ya kai digiri 60, za ta kai kusan bar 270. Lafiyayyar tukunya tana jure wannan, tunda an gwada ta a 348. Sai dai bawul irin na Amurka yana da ɗan siririn faifan tagulla da aka yi domin ya fashe kafin tukunya ta fashe, kuma idan ya tsufa yakan saki tun kafin lokacinsa. Ƙarar tana da firgitarwa, iskar duka ta tafi, tukunyar da ba a ɗaure ba kuma ta yi ta birgima. Yawancin bawulolin Turai ba su da wannan faifai.

Cikawa da tsabtar iska

Injin cika tukunyar nutso yana matse iska hawa uku ko huɗu, yana sanyaya ta tsakanin kowane hawa, yana zubar da ruwa da man da suka taru. Ƙaramin inji na ɗauka da hannu yana ba da wajen lita 100 a minti, don haka tukunyar lita 12 da ba komai a cikinta tana cin minti 24 kafin ta kai bar 200. Manyan wurare suna tara iska a jerin manyan tukwane, su riƙa juyewa daga mai ƙaramin matsi zuwa mai babba. Wannan ya fi sauri, kuma shi ya fi kawo zafin da aka ambata.

Geji matsi kawai yake nunawa, ba ya faɗin ko iskar tana da kyau. Bayan matsewa iska tana bi ta matata mai sinadarin shanye laima, da gawayi na musamman mai kama mai da wari, wani lokaci da sinadarin da ke mai da kabon monoksaid zuwa kabon dayoksaid. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 12021 ta hana kabon monoksaid wuce kashi 5 cikin miliyan, kabon dayoksaid kashi 500 cikin miliyan, mai kuma rabin miligiram a kubik mita. Zafi yana rage kwanan matata ƙwarai, domin iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima. Matatar da za ta yi awoyi da yawa a ƙasar sanyi, a nan da bazara ko damina ba ta kai rabinsu. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar bakin shiga.

Babban abin tsoro a inda wutar lantarki ba ta tsayawa shi ne hayaƙin janareta, ko na injin fetur ɗin da ke juya na'urar. Kabon monoksaid ba shi da wari ko launi. A zurfin mita 30 mai nutso yana shaƙar ninki huɗu na duk abin da ke cikin iskar, ɗan gurɓacin da zai sa ciwon kai a sama sai ya sumar da shi a ƙasa. Don haka ake ɗaga bututun shan iska sama, a kai shi ɓangaren da iska ke kaɗowa, nesa da salansa. Injin faci ba ya wannan aiki ko kusa: matsinsa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da ake nema ba, iskarsa kuma cike take da mai da ruwa.

Matsi da tsawon lokaci a ruwa

Lambar geji ba ta faɗin minti nawa suka rage sai an haɗa ta da girman tukunya da zurfi. Bar 200 a lita 15 ya fi bar 232 a lita 10 yawan iska, 3,000 da 2,320. Kowane mita 10 na ruwan teku yana ƙara bar ɗaya, a ruwan daɗi kuma mita 10.3. Bisa dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662, idan matsi ya ninka, wurin da iska ke ci ya koma rabi, don haka cika huhu a mita 10 yana cin ninki biyu na iskar da ake ci a sama, a mita 20 ninki uku, a mita 30 ninki huɗu.

Matsakaicin mai nutso yana shan lita 15 zuwa 25 a minti idan an auna a sama. Idan aka ɗauki 20, da tukunyar lita 12 a bar 200, aka ware bar 50 na ko-ta-kwana kamar yadda ƙungiyoyin horo ke koyarwa, saura lita 1,800. Wannan minti 45 ne a mita 10, minti 30 a mita 20, minti 22 a mita 30. Aiki mai nauyi, sanyi ko tsoro suna iya ninka shan iskar. Bar 12 da zafi ya cinye a misalin baya ya kai lita 144, fiye da minti biyu a mita 20, kuma minti biyu ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ƙafarsa ta sarƙe a koma. A wuraren da ba a iya tasowa kai tsaye, kamar cikin jirgin da ya nutse ko bututu, ana raba iskar uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ajiya.

Wani hatsari da ya faru a gaɓar tekun Najeriya ya nuna aikin wannan doka a fili. A ranar 26 ga Mayu 2013 jirgin ja mai suna Jascon-4 ya kife a teku daura da Escravos, ya sauka zurfin mita 30. Mai dafa abinci a jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a wani ɗan sararin iska da ya maƙale a cikin jirgin. Ruwa ya matse iskar zuwa bar 4, abin da ya sa ɗan wurin ya ƙunshi oksijin ninki huɗu na girmansa. Amma wannan matsin ya cika jikinsa da naitirojin, ta yadda da ya taso kai tsaye da kumfar iska ta kashe shi. Masu nutson da suka je ɗebo gawarwaki suka same shi da rai, suka ɗauke shi cikin rufaffen akwatin nutso zuwa ɗakin rage matsi, inda ya yi fiye da kwana biyu. Shi kaɗai ya tsira cikin mutum 12, daga baya kuma ya koyi aikin nutso.

A kudancin Kano

Nutso ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masunta da Sarakunan Ruwa sun daɗe suna yinsa da riƙe numfashi, har ana gasarsa a bikin kamun kifi na Argungu, kuma su ake fara kira idan kwalekwale ya kife ko wani ya nutse a kududdufi. Nutso da tukunya kuwa a Najeriya ya fi ƙarfi a bakin teku, a Legas da Fatakwal da Warri, inda kamfanonin mai da tashoshin jiragen ruwa da sojan ruwa suke. Gwamnatin tarayya ta fitar da dokokin aikin nutso a 2018 ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago.

Ruwan da ya fi zurfi a yankin shi ne na Tiga, wanda aka tare a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Tsayin bangon madatsar mita 48 ne, tafkin ya mamaye murabba'in kilomita 178, an kuma tsara shi ya riƙe kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan ake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Madatsar Bagauda, wadda ta ɓalle a Agustan 1988 aka sake gina ta, ƙarama ce a kan Tiga. Irin waɗannan madatsu suna da ƙofofi da bakin bututu a ƙarƙashin ruwa, waɗanda dubawa ko gyara su aikin masu nutso ne. Hatsarin wurin dabam yake da na teku: ruwa yana dagulewa da damina har a kasa karanta geji sai an kawo shi daf da fuska, akwai tsoffin itatuwa da ragar masunta a ƙasa, sannan ƙofar da ba ta rufu sosai ba tana iya zuƙe mutum ta manne shi a jikinta. Saboda haka aikin madatsa an fi yinsa da bututun iska daga sama, tukunyar baya ta zama ta ko-ta-kwana. A nan ma dole a san ainihin abin da ke cikinta kafin a shiga.

Yankin yana kan tudu, wajen mita 500 sama da teku, inda matsin sarari yake kusan bar 0.95. Wannan bai taɓa lambar geji ba, illa dai inji yana ɗan ƙara jinkiri tunda iskar da yake sha ta fi ta bakin teku sauƙi. Inda ya shafi mai nutso shi ne tasowa: duk nutson da aka yi a wurin da ya haura mita 300 ana lissafa shi da jadawalin tudu, domin jiki yana fitowa ne cikin matsin da bai kai wanda aka gina jadawalin teku a kansa ba. Wanda ya fito daga Tiga ya kama hanyar Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ya ƙara rage matsin da ke kansa kamar wanda ya hau jirgin sama. Shawarar da aka saba bayarwa kafin tafiya a jirgi ita ce jiran awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa. Jiragen fasinja kuma ba sa karɓar tukunya sai babu iska a cikinta, don haka masu zuwa daga kudu ko dai su biyo mota da cikakkun tukwane, ko su taho da injinsu.

Tukwane masu irin wannan matsi sun fara yawaita a arewa ta wata hanyar. Masu kashe gobara suna amfani da na bar 300 domin shiga hayaƙi, sai dai yawancinsu na zare ne mara nauyi da aka naɗa a kan alminiyam, ba a yi su domin ruwa ba. Motocin da aka mayar masu amfani da gas ɗin CNG tun bayan cire tallafin mai a 2023 suna ɗauke da tukunyar bar 200. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wurin shan gas a birnin Benin, hukumomi suka ce tukunyarta haɗin walda ce da ba a amince da ita ba. Tukunyar nutso ba ta da walda ko ɗaya a jikinta, daga dunƙulen ƙarfe guda ake fitar da ita.

Gwaji da ajiya

Ana gwada tukunya da ruwa, ba da iska ba, domin ruwa ba ya matsuwa, idan ta tsage ba za ta tarwatse ba. Ana cika ta da ruwa a danna zuwa matsin gwaji, ninki ɗaya da rabi na matsin aiki a Turai, biyar bisa uku a Amurka, a auna yadda ta buɗe da yadda ta koma. Wadda ta kasa komawa yadda ya kamata ƙarfenta ya gaji, sai a lalata ta. A Amurka da Birtaniya ana wannan gwaji duk shekara biyar, a Afirka ta Kudu duk shekara huɗu. Tsakanin gwaji da gwaji ana cire bawul a leƙa ciki da fitila, a wurare da yawa kowace shekara. Mai cikawa yana da haƙƙin ƙin tukunyar da wa'adin gwajinta ya wuce.

Tsofaffin tukwanen alminiyam da aka yi da gaurayen 6351, waɗanda kamfanin Luxfer ya yi amfani da shi a Amurka daga 1972 zuwa 1988, suna da matsalar tsagewa a wuya idan sun daɗe a cike, kuma wasunsu sun fashe a wurin cikawa. Ana duba su da na'ura ta musamman, wurare da yawa ma sun daina karɓarsu. Alminiyam ɗin da ya shiga gobara, ko aka gasa masa fenti da wuta, ya rasa ƙarfinsa ko da ido bai ga komai ba. Baƙin ƙarfe kuwa tsatsa ce ke cinsa daga ciki, kuma iska mai matsi tana hanzarta ta.

Ba a barin tukunya ta ƙare ƙarƙaf, domin idan babu matsi a ciki laima tana iya shiga ta bawul. Idan za a ajiye ta na watanni ana barin bar 20 zuwa 30, a tsayar da ita a inuwa a ɗaure, yadda duk ruwan da ya taru zai sauka gindi inda ƙarfen ya fi kauri. A mota ana kwantar da ita a tokare ta, bawul ɗin yana nesa da abin da zai buge shi.